Bututun da Ya Ratsa Katanga

Kowace Asabar da hantsi nakan duba ruwan gidanmu. Sai in rufe dukkan famfuna, in hau tsani, in tsoma sanda cikin tanki, in yi wa inda ruwa ya tsaya alama da gawayi. Bayan awa biyu in sake tsomawa. Idan ruwan ya sauka, akwai yoyo a wani wuri.

A shekarar da aka katse layukan waya a Maiduguri, wata Asabar na tarar ya sauka da yatsu huɗu.

Na bi banɗaki da kicin da gindin katanga, ban ga danshi ba. Sai na je na ɗauko mai gyaran famfonmu, wani dattijo Babarbare da ke zama kusa da Kasuwar Litinin. Ni Bafillace ne, saboda haka ba ya shiga gidana sai da tsiya.

"Bawana, me ka ɓata kuma? Ku da kuka saba shan ruwa tare da shanu, ina ku ina famfo?"

"Yi aikinka, Baba. Ga ubangidanka a tsaye yana jira."

Ya ɗora bakin sukudireba a jikin bututu, ya kara kunnensa a ƙotar. Haka yake sauraron ruwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga wani tsohon bututun ƙarfe da ya ratsa katanga zuwa gidan maƙwabcina. Ni na sa aka ja shi shekarun baya, domin a unguwarmu mai rijiyar burtsatse ba ya hana maƙwabci ruwa. Amma wata biyar ke nan da maƙwabcin ya kwashe iyalinsa zuwa Kano, ya sa kwaɗo, ya bar mini makulli.

Baba ya daɗe a tsugune.

"Wannan ba yoyo ba ne," ya ce. "Yoyo ba ya hutawa. Zo ka ji."

Na kara kunne. Ruwa ya gudu kamar tsawon cika buta, ya tsaya. Can ya sake gudu.

A lokacin, idan aka kama baƙo a gidan da babu kowa, layin gaba ɗaya ke amsa tambaya, kuma ba duk wanda aka tafi da shi ke dawowa ba. Idan kuwa na faɗa wa samarin da ke gadi da gora a bakin layi, na cikin gidan ba zai sami damar yin bayani ba. Yana iya zama mai bindiga. Tana iya zama mace da ta gudo daga ƙauye.

"Rufe masa ta nan ɓangaren," Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Ƙishirwa za ta fitar da shi. Ni kuma yau ban zo gidan nan ba."

Na rufe. Bazara ce, ana zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Ranar farko ba mu ji komai ba. Rana ta biyu bayan Azahar, matata na wanke-wanke a gindin katanga, ta yafito ni da hannu. Ana ƙwanƙwasa bututun daga can. Sau uku, a hankali, a dakata, a sake uku.

"Malam, ya san mu ne muka rufe," ta ce.

"Ba mu san ko wane ne ba."

"Shi ai ya san mu. Kullum yana jin muryoyin yaranka. In ya hauro neman ruwa fa? In kuma ya mutu a can, warinsa ne zai kai mu ƙara."

Na buɗe. Nan take ƙwanƙwasawar ta tsaya.

Daga ranar, kullum bayan Azahar nakan buɗe na ɗan lokaci in rufe. Muka hana yara wasa a wannan gefen. Mun yi kusan mako biyu a haka, sai wata Asabar na bar bututun a buɗe, amma ruwan bai motsa daga alamar gawayi ba. Na ƙara mako guda ina buɗewa kamar kullum, sannan na ɗauko Baba da makulli, muka shiga da rana tsaka.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da muka ɗiga masa mai. Busasshen ganyen darbejiya ya rufe tsakar gida, ɗakuna duk a kulle. A bakin famfon gidan an ɗaure wani dogon tsumma da ya sauka har ƙasa, yadda ruwa zai bi jikinsa ya shiga mazubi babu ƙara. Baba ya taɓa shi. Da sauran danshi.

Muka fito ba mu buɗe ɗaki ko ɗaya ba.

A bakin layi ɗaya daga cikin masu gorar ya tare mu, yana kallon makullin da ke hannuna.

"Alhaji, lafiya kuka shiga gidan can?"

Baba ya riga ni. Ya ɗaga masa jakar kayan aikinsa.

"Famfo ne, ɗana. Mun gyara."