Bayin Inna Da Ya Kalli Gabas

Edita da masu karatu, ina gaishe ku da kyau. Ku ba ni wuri in sauke wani abu da ya daɗe a raina. Kada ku nemi sunana, waɗanda suka san ni za su gane ni ko ba suna.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da ɗoriya, ina sana'ar tattasai a Diffa. Nakan sayi busasshe a hannun manoman bakin kogin Komadugu, in ɗura a buhu, in ajiye har kasuwa ta yi kyau. Allah ya sa wa abin albarka, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya ɗan yi girma. Ni ce ƴar fari a gidanmu, ƙannena maza uku ba wanda ke ɗaga murya in na yanke magana. Ga ni da tsantseni a kan kuɗi, ko allura zan saya sai na zagaye kasuwa na ji farashi. Wannan halin ne ya ɗaga ni, shi ne kuma ya kusa raba ni da uwata.

Inna tana zaune a tsohon gidan ƙasa da marigayi mahaifinmu ya gina tun gari bai faɗaɗa ba. Bayin gidan masai ne irin na dā, rami da itace a kai, ba rufi. Gwiwoyinta sun gaji, ga bakin ramin ya fara zaizayewa tun wata damina. Wata rana ta tsuguna ta kasa tashi, sai da maƙwabciyarta ta ji nishi ta shigo ta ɗaga ta. Da labarin ya iso kunnena na rantse ba za ta sake tsugunawa ba in dai ina numfashi. Na zauna na tsara aikin kaf: bulo, siminti, kwanon rufi, tiyo, karo wato tayil na shimfiɗa ƙasa, da masai na zama irin mai kujera. Na ƙudura ba zan wuce ribar da na ware ba, kuma ba zan taɓa buhunan da na ajiye ina jiran tsada ba ko sama za ta faɗo.

Maginin da na samu dattijo ne, cikin waɗanda rikici ya koro daga ƙetaren kogi, mai sanyin magana da hannu mai kyau. Ranar da aka zo ɗora kujerar ya tsaya yana kallon bango yana shafa gemu. Ya ce mini in aka jingina ta inda na nuna, mai zama zai fuskanci gabas, alƙibla ke nan. Ya ce a juya ta ta kalli kudu, sai dai hakan na son ƙarin tiyo, da haƙa mai tsawo don a kauce wa saiwar bishiyar bedin da ke tsakar gida. Ni kuwa da na ji kalmar ƙari sai raina ya ɓaci. Na je na tambayi wani malami, ya ce in dai cikin gini ne mai bango ba laifi. Na dawo da wannan amsa kamar na ci gasa. Dattijon ya ce shi ba ya ja da malamai, amma ya tambaye ni ko na ji ta bakin wadda za ta zauna a kai. Wallahi ina jin kunyar faɗar abin da na mayar masa. Na ce hannunsa na ɗauka aiki, ba bakinsa ba. Ya ɗauki cokalin gininsa ya yi yadda na ce.

Bayi ya fito tsaf, sai ƙyalli. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo suna sa mini albarka, ni kuma ina ta washe baki. Ranar nan na sa aka cike tsohon ramin da ƙasa don kada Inna ta koma masa. Ita ma ta sa albarka, amma ta bakin ƙanena, domin ni ƴar fari ce, ko sunana ba ta kira, balle ta zauna hira da ni ido da ido. Haka muka taso, ban ga wani abu a ciki ba.

Lokacin bazara ne, zafin da ke sa mutum ya sha ruwa har cikinsa ya yi ƙara. Sai na lura Inna tana ramewa. In an kai tuwo ta yi loma biyu ta ture. Kunun da ba ta wasa da shi ta daina sha. Ruwa kuwa sai dai ta jiƙa leɓe. Na ce tsufa ne. Na sa aka kawo mata bandar kifin Bosso da take so, ta taɓa ta rufe kwano. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ita ƙalau take. Wata rana bayan azahar ta miƙe daga tabarmar salla ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa, likita ya ce jikinta ya bushe har ƙodarta ta fara wahala. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya wane ne ke hana tsohuwar nan ruwa. Ni da nake taƙama ba wanda ya kai ni kula da uwa!

Maƙwabciyar nan, aminiyar Inna ta shekara da shekaru, ita ta ja ni gefe zuwa gindin wata bishiya a harabar asibitin. Ta ce an hana ta faɗa, amma ba za ta riƙe amanar da za ta kashe mai ita ba. Ashe tun ranar farko Inna ta shiga ta zauna, ta ɗaga kai, ta gane tana kallon inda take kallo in za ta yi salla. Ta tashi ta fito. Tun daga ranar wanka kawai take yi a ciki. In buƙata ta matsa sai ta dogara sanda ta tafi gidan maƙwabciyar, ta tsuguna a kan gwiwoyin nan da na ce na hutar. Da kunyar yawan zuwa gidan mutane ta ishe ta, sai ta rage ci da sha don kada ta riƙa jin buƙatar. Maƙwabciyar ta ce ta roƙe ta ta gaya mini, Inna ta ce da wane baki za ta dubi ƴar fari ta yi mata maganar bayi, bayan yarinya ta zuba guminta. Ta ce shekara saba'in ba ta taɓa juyawa gabas da ƙazanta ba, ba za ta fara yanzu ba da ya rage kaɗan a kwantar da ita tana kallon can.

Na yi kuka a wurin kamar ƙaramar yarinya. Amma a nan ne kuma nake alfahari da kaina, kuma ba zan yi kawaici a kai ba. Ban tsaya kare kaina da maganar malam ba, ban ce tsohuwa ta cika tsanani ba. Daga asibiti na wuce gida, na ɗaura ɗamara, na ari guduma, na fara fasa karon nan da hannuna. Ƙannena suka ce na haukace, na ce su matsa ko su kama. Sannan na tafi har gidan maginin, na durƙusa a ƙofarsa a gaban iyalinsa na ba shi haƙuri. Mutumin kirki, ko kalmar gori bai yi mini ba, ya ce in tashi, gobe da sassafe yana nan. Buhunan da na rantse ba zan taɓa ba na fitar da su na sayar a lokacin da tattasai ke arha. Abokan sana'a suka yi ta yi mini dariya, wai mai lissafi ta faɗi. Ko a jikina. Na tsaya a kan aikin cikin rana, ni ce kwasar ƙasa, ni ce miƙa ruwa, har aka zagaye saiwar bedin aka juya kujerar ta kalli kudu.

Ranar da aka sallamo Inna ni na riƙe hannunta na kai ta ƙofar bayin. Ta tsaya ta dubi kujerar, ta waiwaya ta dubi inda rana ke fitowa, ta sake duban kujerar. Ba ta dube ni ba, ta ce in fita in ja mata ƙofa. Da ta fito ta zauna a tabarma ta ce a ba ta ruwa. Na cika moɗa, ta shanye tas, ta miƙo a ƙara. Na yi ciniki mai daɗi a rayuwata, amma ban taɓa jin daɗin da na ji ina kallon maƙogwaronta yana motsi ba. Tana nan da ranta har yau, tana cin tuwonta tana yi wa jikoki faɗa.

Abin da na koya shi ne, gyaran tsohon gida ba bulo da siminti kaɗai ba ne. Wanda ya gina shi da wadda ta tsufa a ciki suna da dalilin da ya sa kowane abu yake inda yake, ko ba su faɗa ba. Ku da Allah ya hore wa kuke son hutar da iyayenku, kafin a aza bulo ɗaya ku je ku tambaye su. In kunya ta hana su gaya muku, ku aika aminansu su jiyo. In kuma ma'aikaci ya tsaya yana shafa gemu, ku saurare shi kafin ku buɗe baki. Tsofaffinmu ba za su ce muku kun yi kuskure ba. Za su gode, su sa albarka, sannan su daina shan ruwa.