Gidan da Suka Karɓe wa Maman Fasto

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da cocin da ke bakin unguwar Miskine, a bayan cocin kuma akwai ɗan gida mai ɗaki biyu inda fasto da matarsa suke. Maman Fasto muke kiranta, mu da Kiristoci duka. Tun ina yarinya na santa da tsintsiya a hannu. Ita ke share cocin, ita ke dafa wa baƙin mijinta gozo, wato tuwon rogo, da miyar ganyen rogo, ita ke ɗinka wa mawaƙa kaya, in mace ta mutu a cikin 'yan cocin ita ke wanka. Ban taɓa jin an ce ga ladanta ba.

Da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, kullum da hantsi sai Maman Fasto ta zagayo ta taya ni juya ta, mu canza shimfiɗa. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, Inna kuma Sango ɗinta, yaren garin, ya gudu tare da harshenta, amma sai su yi awa guda suna hira da ido. Lokacin tashin hankali tsakanin Musulmi da Kiristoci, da hanyar da ke tsakaninmu da cikin gari ta zama abin tsoro, ita ce ke ɗaura maganin Inna a gefen zani ta ratso da ƙafa. Wasu 'yan cocinsu suka daina amsa gaisuwarta saboda haka. Ba ta fasa ba har Inna ta rasu.

Bayan shekaru fasto ya kwanta ciwo, shi ma ya tafi. Wata ɗaya bai cika ba dattawan coci suka zo mata da magana: sabon fasto yana hanya da iyalinsa, gidan na coci ne, ta nemi wuri. 'Yarta ɗaya ce, tana aure a Kamaru. Ni ba a bakinta na ji ba, wata mai sayen atamfa ce ta faɗa mini a shagona na Titin Koudoukou. Na rufe shagon da rana tsaka na tafi.

Na tarar ta ɗaure tukwanenta a zani, babban dattijon cocin yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran makulli.

Na ce masa da Sango, "Baba, matar da ta yi muku bauta fiye da shekara talatin, ina kuke so ta kwana?"

Ya ce, "'Yata, wannan maganar cikin gida ce. Ke ba 'yar coci ba ce."

"To ina 'yan cocin? Ban ga ko ɗaya yana ɗaukar mata kaya ba."

Maman Fasto ta kama hannuna ta ce in yi shiru, tsarin haka yake. Sannan ta miƙa masa makullin da hannu biyu, har da rusunawa. Wannan rusunawar har yau tana ci mini rai.

Na kira mai tura amalanke, muka kwashe kayan zuwa gidanmu, na buɗe mata ɗakin Inna. Mijina ya taya mu shigar da kayan. Wansa ne ya zo washegari, ko zama bai yi ba.

"Yanzu arniya za ki ajiye mana a gida? Me mutane za su ce?"

Na ce, "Yaya, shekara uku Inna tana kwance. Sau nawa matanku suka zo suka ɗauke mata fo?"

Ya juya ga ƙaninsa, mijina ya ce ɗakin na surukarsa ne, 'yarta ce ke da iko da shi. Wan nasa ya fita, ya yi wata shida bai taka gidanmu ba.

Shekara biyu ta yi tare da mu. Duk Lahadi sai ta yi wanka ta ɗaura farin kallabi ta koma cocin nan, ta zauna a bencin baya, ita da ta saba zama a gaba. Ranar Asabar kuma ta je ta yi musu shara. Na sha yi mata faɗa.

"Mama, mutanen da suka kore ki?"

"Ba don su nake sharewa ba," in ji ta. Daga nan ba ta ƙarawa.

Da damina ta kwanta da ciwon ƙirji. Daga cocin mata biyu ne suka leƙo, sau ɗaya. A hannuna ta cika, da safe, ina ba ta kunu.

Ranar jana'iza coci ya cika har waje. Na zauna a baya da mayafina. Dattijon nan ya tashi ya kira ta uwar coci, ya ce ba za su taɓa samun irinta ba, har muryarsa na rawa. Bai faɗi inda ta yi shekara biyun ƙarshe ba. Na ciji leɓe har na ji gishirin jini, don ta roƙe ni tun tana da rai kada in ɗaga murya a ɗakin ibadarsu.

Bayan kwana uku ya aiko mata biyu, wai a ba su Littafi Mai Tsarkinta, wanda ta cika gefensa da rubutun hannu, za su ajiye a coci don tunawa. Na ba su ruwa suka sha. Na ce su gaya masa littafin yana da mai shi, gobe 'yarta za ta koma Kamaru da shi. In yana da magana, ya zo da kansa, ya san ƙofar.

Bai zo ba. Muna haɗuwa a hanya wani lokaci, ya ɗaga mini hannu. Mijina ya ce gaba ba kyau, ko da wanda ba addininku ɗaya ba. Na san haka. Ban amsa gaisuwar dattijon ba tukuna.