Jan Zaren da Ya Dawo da Buhu

"Yaya, tun hantsi kike cewa saura buhu ɗaya."

"Kai da ka tsufa ba ka iya taka birki ba, kai ne za ka koya mini tsayawa?"

Masu faɗan ciki ɗaya suka fito. Namijin tsohon direba ne, gemunsa fari fat, amma har yau Auta take ce masa a gaban jikokinsa. Ita kuwa duk gundumar nan Inna Mai Basilla aka san ta, mai ɗinke bakin buhu a babban sito. Ranar ce ta ƙarshe a bakin aiki. Hannunta ya fara rawa, basilla ta sha huda mata yatsa a bana, 'ya'yanta suka ce ya isa haka, suka turo kawunsu ya rako ta gida. Ta amsa da baki, hannu bai amsa ba.

Kullum kafin a buɗe ƙofar sito tana zaune a kan tsohuwar tayarta, igiya rataye a wuya, basilla soke a ɗankwali. Ba ta doguwar gaisuwa. Ta naɗe bakin buhu, ta bi shi da ɗinki, ta buge shi da tafin hannu, ɗan dako ya ɗauka. Wanda ya ga haka zai ce ƙaramin aiki ne.

Mu da aka haifa bayan yaƙi labari kawai muka taras. Ba a taɓa jin ƙarar bindiga a gundumar nan ba, amma daga nan cikin soja yake cika. Masara, wake, gyaɗa, barguna, duk a nan ake tarawa a loda. Makaranta ta koma rumbu, hatsi har bakin taga. Maza sun tafi, mata da tsofaffi suka riƙe gona, kuma suka riƙe ta da kyau. Abin da ya kusa karya mutane ba fari ba ne, buhu ne ya yanke. Hatsi tsibi-tsibi a ƙasa, hadari na haɗowa, mota na jira babu abin zubawa.

Auta, da ke tuƙa motar kai kaya, shi ne ya kawo mata labarin abin da ya gani a bakin daga. Ya ce masu dafa wa soja abinci ba sa kwance buhu, farke cikinsa suke yi da wuƙa su yar. Ya ƙara da cewa ba laifinsu ba ne, ɗinkinta ne ya cika taurin kai kamar mai shi. Ta ɗauke masa magana, sannan ta zauna da buhu guda tana ɗinkewa tana warwarewa har ta samo hanya: ɗinki mai sarƙa, wanda jifa da girgizar mota ba sa buɗe shi, amma a gefe ta bar jelar zare da ta rina ja. Ka ja shi, baki ya buɗe sumul.

Ta koya wa matan sito. Auta ya riƙa bin masu girki ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu inda za su ja, wasu na zaginsa. Ba a daɗe ba motar da ke dawowa wayam ta fara dawowa da buhuna a ninke. Masu huji ta yi musu faci, aka sake cikawa. Hatsin shekarar bai ruɓe a ƙasa ba.

Akwai tsohon soja mai hannu ɗaya da ke sayar da itace a bakin kasuwa. Ya ce da aka mayar da shi wurin girki bayan an yanke masa hannu, buhun gundumarmu kaɗai yake iya buɗewa ba sai ya roƙi kowa ba. Ya ce bai san mace ce ke ɗinkin ba sai da ya dawo.

Inna, ke ce kika yi yaƙi a zaune. Ke ce basilla mai haɗa abin da wuƙa ta raba. Ba a rataya miki lambar yabo ba, ba ki kuma tambaya ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya hutar da hannun nan. Mu matasa da muke raina duk aikin da babu kujera a cikinsa, mu je mu kalli yadda ake ɗinke buhu don a sauƙaƙa wa mutumin da ba za a taɓa gani ba.

A ranar tata ta ƙarshe, da la'asar ta ƙarasa buhun ƙarshe. Ta buge shi, 'yan dako suka yi ta tafi, ta ce su daina ɓata lokaci mota na jira. Ta miƙe tana murmushi, ta kakkaɓe zani, ta yarda Auta ya riƙe mata gwiwar hannu, abin da ba ta taɓa yarda da shi ba. A bakin ƙofa ta tsaya, ta buɗe tafukanta tana kallo.

"To Auta, gobe da safe me zan ce wa hannayen nan su yi?"