Kifin da Kawu ya tono a busasshiyar ƙasa

Da idona na ga Kawu Ibro ya fasa dunƙulen busasshiyar laka da fartanya, sai ga kifi a ciki yana motsi. Na ja da baya ina salati.

Shekarar babban fari ce, zamanin mulkin soja. Innarmu ta aike ni daga Maraɗi in taho da wannan yayan nata daga ɗan tsibirinsu na cikin tafki, can gaba da Jiratawa. Da sai da jirgi ake shiga garin. Ran nan da ƙafa na taka, ƙasa duk ta tsattsage.

Na ce, "Kawu, kifi ba ruwa? Kuma da rai?"

Ya ce, "Gaiwa ce, ɗana. In ruwa ya ƙafe sai ta shige laka ta kwanta. Ita muke ci tun da rumbuna suka ƙare."

Ya tono wani dunƙulen, ya jinjina shi, ya ce wannan ƙarama ce. Sai ya maida shi rami ya rufe. Mutumin da ake ƙirga haƙarƙarinsa!

"Haba Kawu, yunwa fa kuke ji!"

"In muka cinye su duka, ran da ruwa ya dawo me jikokina za su kama?"

Ya ƙi biyo ni. Ruwa ya dawo, amma bai iske Kawu da rai ba.

Ni dai na san da ni ne, da na cinye ƙaramar gaiwar nan. Ku fa, tsakani da Allah?