Baƙo a Wuyan Kafireto

Ni boko aji biyu na yi na gudu, kuma duk wanda ya san Arzika bakanike a Tambuwal ya san wautata ba ɓoyayya ba ce. Amma cikin waɗanda na tafka, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ta ranar da na yini ina neman ciwon mota, ciwon kuwa yana kallona ido cikin ido. Ku yaran yanzu masu jona wa mota kwamfuta, ku saurara.

Lokacin kaka ne, shekarar da fetur ya yi tsadar da mai babur ke kashe inji in ya hango gangara. Ina shan fura da hantsi sai na ji kuka tun daga bakin titi, kamar injin niƙan da aka manta ba a zuba wa dawa ba. Tsohuwar a-kori-kura ce ta Alhaji Mode, mai sayen hatsi a Kebbe. Direbansa Buhari ya sauko fuska a murtuke, Alhaji ya sauko ta ɗaya gefen, ba mai kallon wani.

Bayan gaisuwa Alhaji ya ce, "Arzika, duba min motag ga, ko da yake na san ba ita ad da laifi ba. Man da nika zubawa mu tai Fakku mu dawo, yanzu rabin hanya shika ƙarewa. In ka ce lafiya take, wanga ya aje makulli nan gabanka."

Buhari ya ce, "Baba Arzika, wallahi ko ɗigo ban taɓa zuƙa ba." Mutum ne mai iyali, motar nan ce abincinsa.

Ga wanda ba bakanike ba, silo shi ne yadda inji ke tafiya in mota na tsaye, ƙafa ba ta kan totur. Ya kamata ya riƙa numfashi a hankali. In ya hau, mota na shan mai ko tana tsaye, giya kuma sai da faɗa take shiga. Na bugi ƙirji na ce, "Silo na, ya hau. Kafin furata ta tsinke na gama."

Ina ɗaga bonet na gan ta. Laya ce ƙarama, ɗinkin jar fata, an ɗaure ta a wuyan kafireto, igiyar ta zagayo ta bayan ɗan hannun da wayar totur ke ja. To, kun san tarbiyyarmu. Layar wani ba a taɓa ta, ba a tambayar ta mece ce. Na kau da kai kamar na haɗu da surukata a hanyar rijiya, na kama aiki.

Ƙa'ida ita ce a fara da mai sauƙi. Na sassauta kusar silo, kukan bai ragu ba. Na ci gaba da kwancewa har ta kusa faɗowa, ko gezau. Na duba cok, mai rage wa inji iska, ko ya maƙale, lafiya lau. Na leƙa ƙarƙashin ƙafar direba ko shimfiɗa ta danne totur, babu. Daga nan na koma kan iska, don tiyo in ya tsage, inji na zuƙar iskar sata ya haukace. Na sa guntun tiyo a kunne ina bin inji lungu-lungu kamar likita, masu faci na gefe suna ta dariya wai ina sauraron gaisuwar mutuwa. Ban ji komai ba sai zafi da ya lashe mini kunne.

Na saki wayar totur har ta yi lanƙwasa, inji na nan yana ihu. A nan ne mai hankali zai ce, to me ya riƙe hannun? Ni kuwa sai na ce datti ne. Kamata ya yi in ciro kafireton in wanke, amma ba ya fita sai an kwance baƙon da ke wuyansa. Don haka na wanke shi a inda yake, ina kewaye layar da buroshi a hankali kamar wanzami a kan ƙurji.

Har aka yi la'asar. Alhaji ya ce, "Ka duba ko'ina?"

Na ce, "Ko'ina."

"Ka ga wani abu?"

Na ce, "Ban gani ba."

Alhaji ya miƙa wa Buhari hannu yana neman makulli. Buhari bai yi musu ba, ya buɗe ƙofa ya fara zaro butarsa da dardumarsa daga bayan kujera. Wallahi ganin butar nan ya fi mari zafi. Mutum zai rasa abinci don ni ina jin tsoron guntun fata.

Na ɗauki sukudireba mafi tsawo da nake da shi, na yi a'uziyya, na tura hannun totur da tsininsa. Ya ƙi komawa mazauninsa. Igiyar layar ta sha zafin inji ta bushe, ta ɗame kamar tsirkiya.

Na ja Alhaji gefe. "Alhaji, wanga baƙon, na wa na?"

Ya ɗaure fuska. "Ina ruwanka da shi?"

"Babu. Sai dai masaukin da anka ba shi ya yi mai kaɗan. Shi ka taka maka totur dare da rana."

"Laya da ƙafa?"

"Kwance da hannunka ka gani. Ni dai ba ni taɓawa, ina da jikoki."

Alhaji ya naɗe hannun riga, ya sha fama da ƙullin. Igiya na saki, inji ya mutu murus, don na riga na kwance kusar silo ƙarƙaf. Alhaji ya yi tsalle baya yana salati, ya ce, "Ka gani ko! Ta yi fushi!" Sai da na mayar da kusar na ɗaure waya, na ce Buhari ya tayar. Mota ta kama numfashi a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Ashe da mai ya yi tsada, Alhaji ya ji ana cewa direbobi na zuƙe tanki. Ya karɓo layar tsarin ɓarayi, aka ce ya ɗaura inda mai ke bi, ya ɗaura da kansa bai gaya wa kowa ba. Buhari ma ya daɗe da ganinta, ya zaci ta tsarin haɗari ce, har yana yi wa Alhaji addu'a.

Alhaji bai ce a yi haƙuri ba, irinsu ba sa faɗi. Ya dubi butar ya ce, "Kai Buhari, wa yac ce ka sauke kaya? Hatsi na jira Fakku." Ya fasa goro, ya ba shi babban ɓari.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ido na gaba da sifana, kuma abin da kake jin nauyin tambaya, shi za ka fara tambaya. Mu uku muka ga abu ɗaya, kunya ta rufe mana baki.

Da za su tashi, Alhaji ya cusa layar a aljihu, ya leƙo ta taga ya ce, "Amma Arzika, tsakaninka da Allah, tun da nid ɗaura ta, akwai wanda yas sace min mai?"