Injiniya Shu'aibu, wanda ya gina ɗaki ya kulle kansa a waje

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaka da dama koko aka kira ni, wai Injiniya Shu'aibu ya rasu. Na ajiye ludayin na zauna a ƙasa. Kokon yana nan inda na bar shi.

Na san yana jinya. Amma sanin mutum yana kwance daban, jin an ce ya tafi daban.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne mai shagon gyaran kwamfuta a nan unguwar Magajin Gari. Zaure ɗaya muka yi karatun allo, ina gaba da shi, shi ya sa har ya bar duniya Yaya Hajara yake ce mini. Ni kuma Injiniya nake ce masa. In ya ɓata mini rai ne yake komawa Shu'aibu.

Ina koyarwa a Islamiyyar matan aure. Muna da ɗalibai a cikin gari, muna da su a Tabanni da Tsohon Birnin Gwari. A da ni nake hawa mashin in kai wa malaman can darussa, in saurari haddar ɗalibai in gyara. Sai hanya ta lalace da rashin tsaro, kun dai san abin da nake nufi. Maigidana ya ce na daina zuwa, kuma da gaskiyarsa. Karatun matan ƙauye ya kama hanyar tsayawa.

Kuka kawai na kai wa Injiniya, ban zaci yana da magani ba. Ya ce, "Yaya, in ke ba ki iya zuwa, karatun ai zai iya."

Na ce to mu buɗe guruf a waya mana. Ya ce guruf kasuwa ce, abin da ya shiga ya bar hannunki, in kin gyara darasi tsohon yana nan yana yawo.

Sai ya ɗauko wata tsohuwar kwamfuta ya haɗa mata sola, ya ce sunanta saba. Da ya ga ban gane ba ya ce in ɗauke ta kamar gida. Adireshi ɗaya, amma da zaure da cikin gida. Zaure na kowa ne, duk mai waya zai buɗe ya karanta darasi, ba zai iya taɓa ko harafi ba. Cikin gida kuwa sai malama mai suna da kalmar sirri. Ita a wayarta folda za ta gani kamar tata, ta saka fayil, ta gyara, ta adana, tana zaune a Tabanni. Tana adanawa gyaran ya bayyana a zaure.

Kowace malama ya yanka mata nata mabuɗin. Ba a jima ba Malama Asabe ta Tabanni ta ba maƙwabciyarta nata, ita kuma garin latse-latse ta share darussan tsarki kaf. Da aka tambaye ta sai ta ce, "To ai ko mabuɗin ɗakina wurinta nake bari in zan je unguwa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Malama Asabe, wannan ba mabuɗin ɗaki ba ne, asuwaki ne. Ba a ara."

Ashe yana kwafe komai zuwa wani wuri da yake kira rumbu. Kafin la'asar darussan sun dawo.

Amma abin da ya sa na zauna nake wannan rubutu wani ne daban.

Ɗalibai suna naɗar haddarsu a waya, malamarsu ta saka a cikin gida, ni in saurara daga nan. Wata ranar kasuwa sai ga Malam Buba, wani Bafulatani da matarsa Hari take karatu wurinmu. Ya same mu a shagon, ya jingine sandarsa, aka gaisa. Ya ce, "Ni tambaya ɗaya ta kawo ni. Muryar iyalina in ta shiga akwatin nan, wa ke ji?"

Na ce malamai mata kaɗai, don iyakar sanina ke nan.

Injiniya ya ce, "Yaya, tsaya, akwai saura. Malam Buba, ni na haɗa abin nan, babban mabuɗinsa yana hannuna. Ban taɓa saurara ba. Amma in na so, zan iya."

Malam Buba ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "Ka faɗi gaskiya, Allah Ya saka maka. Amma Hari ta daina."

Na san in Hari ta daina, matan rugagen nan duk sun daina, don maganar Malam Buba ake ji. Yana fita na ce, "Shu'aibu, yanzu ya ke nan?"

Ya ce, "Tambaya ya yi, Yaya. Gobe ki share mini lungu a ofishin makaranta."

Washegari ya ɗauko kwamfutar da batirinta a baro ya kawo makaranta, ya sa aka kira Malam Buba. Ya zaunar da ni, ya nuna mini inda ake canja babbar kalmar sirrin, sannan ya juya ya fuskanci bango. Yana kallon bangon ya ce, "Kuma kada ki sa sunan autanki, na san shi."

Na rubuta sabuwar kalma. Da na gama ya gwada tsohuwar kalmarsa a gabanmu, abin ya ƙi shi.

Malam Buba ya dube shi ya ce, "Aradu ban taɓa ganin wanda ya gina ɗaki ya kulle kansa a waje ba. Hari za ta aiko."

Tun daga ranar bai ƙara shiga ba. In abu ya lalace sai in kira shi. "Me kika gani?" In karanto masa Turancin da ƙyar, yana gyara mini kamar yadda nake biya masa allo muna yara. Sau nawa na roƙe shi ya karɓi kalmar ya gyara, in ya gama in canja. Sai ya ce, "Malam Buba na yi wa alkawari, ba ke ba. Danna, ina ji."

Ganinmu na ƙarshe, na je duba shi a gida. Yana kishingiɗe a kan tabarma, ya rame ƙwarai, matarsa Maman Ummi tana yi masa fifita. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, "Kin kwafe komai zuwa rumbu ran Juma'a?"

Na ce na kwafe, ka ji da jikinka.

Ya ce, "Yaya, mabuɗi a hannu ɗaya haɗari ne. Ki zaɓi mace ɗaya ki koya mata." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ban da Malama Asabe."

Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na ce Allah Ya ba ka lafiya, Injiniya. Ya ce, "Amin, ko Ya ba mu cikawa da kyau."

Ɗazu da na dawo daga gidan gaisuwa na biya makaranta. Na kunna saba na shiga cikin gida, na tarar Hari ta aiko haddarta tun da hantsi, labari bai kai ruga ba tukuna. Na saurare ta har ƙarshe, ba gyara ko ɗaya. Sannan na rubuta sanarwar rasuwarsa na saka a zaure. Na ɗauki waya in ce masa ya duba ko ta fito, sai na tuna.

Ta fito. Gobe in Allah Ya kai mu zan fara koya wa Malama Safiya riƙon mabuɗin.

Ya Allah, bawan nan naKa ya tsare sirrin matan mutane alhali ba mai ganin sa sai Kai. Ka suturta shi kamar yadda ya suturta su. Ka yafe masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa duk ayar da ta bi ta hanyar nan ta zama haske gare shi. Ka ba Maman Ummi da yara haƙuri, Ka ba mu zaman lafiya a ƙasar nan.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa Shu'aibu a addu'a. Ɗalibaina na Tabanni da Tsohon Birnin Gwari da rugage, ku kun san abin da ya yi mana. In kun idar da karatun yau, kada ku tashi sai kun tuna da shi.