Ɗinkin Bahaguwa

Bahaguwa ake ce mata tun tana yarinya, kuma sunan ya bi ta har ta yi jikoki. Duk ran da ta ɗauki allura da hagu, sai gwaggonta ta make hannun da ludayi. Ta gwada da dama, yatsunta suka sha suka, ta yi zuciya ta bar ɗinki shekara arba'in. Ko maɓalli ne ya tsinke, sai tela.

Ran da tela ya riƙe mata riga mako uku kan 'yar ɓaraka, ta ƙwace kayanta ta nufi gidan maƙwabciyarta.

"Kar ki zauna gefena," in ji Bahaguwa. "Zauna gabana kamar madubi. Abin da damarki ta yi, haguna ya kwaikwaya."

Haka ta koyi ƙulli da kalmasa da faci.

Wata rana ta tarar zanen Gwaggo ya yage. Ta ɗauke shi, ta dawo da shi a ɗinke tsaf. Tsohuwar ta shafa ɗinkin ta ce, "Wane mai hannu ne wannan?"

Bahaguwa ta ɗaga hagunta. "Wanda kika yi ta makewa ne, Gwaggo. In ba kya so, in farke."